Shekarar da Babanmu Ya Yi Dillancin Ɗansa

Babanmu dillalin shanu ne a Kasuwar Shanu ta Maiduguri, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya yarda da kasuwa kamarsa ba. Ko ciwon kai kake yi, in ka biye wa Baba cewa zai yi a nemo masu magani biyu su yi takara a kanka. Kakanninmu makiyaya ne. Mahaifinsa ne ya jingine sanda ya shigo gari, mu kuma muka tashi a Umarari, ba mu san shanu ba sai warinsu a rigar Baba. Abin da ya rage mana na daji bai wuce son kindirmo da 'yan kalmomin yarenmu da kunya ba.

Kunyar nan kuwa Baba ya riƙe ta hannu bibbiyu. Yayanmu, wanda muke kira Hamma, shi ne ɗan fari, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya tsayawa hira da shi. "Wancan" yake ce masa. Hamma na tsaye a tsakar gida, Baba zai dube ni ya ce, "Ki gaya wa wancan gobe da asuba motar za ta tashi." Ni kuma in juya in gaya wa Hamma abin da ya riga ya ji da kunnensa. Tun ina firamare nake wannan aikin ba albashi, har na zama malamar makaranta ban yi ritaya ba.

Aikin Hamma rakiyar shanu ne. Yakan bi babbar mota zuwa kasuwannin ƙauye, a loda, ya hau saman katako ya rako su gari. A shekarun da gari ya rikice, wata rana da rani yaran suka tare motarsu a hanya. Haka muke kiran mutanen dajin nan, "yaran", don ko a cikin ɗaki ba mai son kama sunansu. Muka yi makonni ba labari. Inna, mahaifiyarmu, ta rame har zanenta ya fara zagaya ta sau biyu. Sai ga shi ya dawo da ƙafarsa, shi da wasu mutum kaɗan daga cikin waɗanda suka tafi tare, ba ko ƙwarzane a jikinsa.

Mun yi murna, mun yi sadaka, ashe da sauranmu. Hamma ya daina barci. Ya daina cin nama, shi da a da har ƙashi yake taunewa. In mota ta yi ƙara a titi sai ya durƙusa ya ɗora hannu a ka. Wani lokaci ya tsaya yana fuskantar katanga tun hantsi har rana ta take. Aka yi rubutu, aka yi tofi, malamin unguwarmu da kansa ya ce a haɗa da asibiti. Ni na kai shi, don Baba ba zai shiga keke ɗaya da ɗan fari ba.

A lokacin, wani sashe ne a asibitin gwamnati ke duba masu irin wannan lalura. Ba zan yi wa wurin kwalliyar da ba shi da ita ba. Layi ya fi na gidan mai, benci ya karye, fanka sai ta ga dama. Amma akwai wani nas mai furfura a gemu, Babarbare, da Hausarsa mai nauyi, wanda bayan likita ya rubuta magani yake jan mutum gefe, ƙarƙashin darbejiya, ya zauna da shi. Ba ya sauri. Duk ranar da muka je shi muke tararwa, kuma bai taɓa sake tambayar Hamma abin da ya riga ya gaya masa ba. A hankali Hamma ya fara buɗe baki. Ya koma sallar jam'i, ya fara tsokanata a kan girkina, wanda dama ba a taɓa yabonsa ba. Ranar da ya ce miyata ta yi kama da ruwan wankin kwano, daɗi ya kusa sa ni kuka.

Daga nan abubuwa suka sauya. Gari ya cika da 'yan gudun hijira, kowa da abin da ya gani, kuma masu ba da tallafi suka shigo da nasu tsarin. Suka ce aikin sauraron mutane da kwantar musu da hankali ba za a bar shi a hannun wuri ɗaya ba, kwangila za a mai da shi. Kamfanoni da ƙungiyoyi su nema, wanda ya ci ya yi wasu watanni, in ya tara mutane da yawa a sabunta masa, in bai tara ba a ba wani. Kafin ka ce me, gidaje masu fenti sun tashi a unguwanni, kowanne da allonsa da farar motarsa. Duk wanda ya iya aikin a asibiti aka bi shi da albashin da bai taɓa mafarki ba. Nas ɗinmu ya tafi, kuma har yau ban ga laifinsa ba, mutum ne mai iyali. Sashen ya koma karɓar magani kawai, ka miƙa kati ta taga a miƙo maka ƙwayoyi.

Mun bi sawun nas ɗin, ba mu zauna ba. Sai aka ce kamfanin da ya ɗauke shi kwangilar sansanin 'yan gudun hijira ya ci, ba ya karɓar 'yan gari. Hamma yana da gida da uwa da uba, saboda haka bai cancanta ba. Na tsaya a bakin ƙofar ina yi wa mai gadi masifa kamar shi ya rubuta dokar, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri.

A daidai wannan lokacin aka rufe kasuwar shanu na wani ɗan lokaci, saboda shanun sata da ake shigowa da su daga daji. Baba ya wayi gari ba inda za shi. Mutumin da ya saba tun safe bakinsa bai huta ba, ga shi a zaure yana korar ƙuda. Sai ga 'yan mata sanye da riguna masu tambari suna bi gida-gida, waɗannan su fita waɗancan su shigo, kowa na cewa a kawo mai lalura wurinsu, nasu ya fi. Na ga idon Baba ya kawo haske.

"Kin gani ko?" ya ce mini. "Da mai saye ɗaya ne a garin nan, shi ya sa kuke kwana a layi. Yau masu saye sun yi yawa. Yanzu ne kaya zai yi daraja."

Na ce, "Baba, wane kaya?"

Ya ce, "Ki gaya wa wancan ya shirya, gobe da ni za a je."

Ya je ɗin kuwa, amma keke biyu muka ɗauka, shi a gaba, ni da Hamma a baya.

Duk wanda ya san dillali ya san ba ya sallamawa a tayin farko. Mai saye ya taya, ka ce albarka, ka ja dabbarka gaba, ko da tayin ya yi maka. Ba ka nuna zumuɗi, ba ka bari mai saye ya san kana da buƙata. Da wannan ilimin Baba ya shiga gidajen nan. Yakan tsaya ya dubi kujeru, ya leƙa randar ruwan sanyi, ya ƙare wa ma'aikata kallo kamar mai duba haƙoran karsana, sannan ya ce, "To, ku me za ku yi masa wanda na bayan gidan man can ba za su yi ba?" Wata yarinya mai digiri ta yi masa bayani tiryan-tiryan har da zane a allo. Ya saurara har ta gama, ya gyara hula ya ce, "Albarka," ya fita. Ta bi ni da ido tana neman fassara, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Gaskiya wuraren sun fi asibiti kyan gani nesa ba kusa ba. Ba layi, ga sanyi, ga fara'a, kuma yawancin yaran da ke aikin da zuciya ɗaya suke yi. Har alfahari na yi da garinmu da farko. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, kowane gida sai an fara daga farko. Wannan ba ya ba wancan bayanin mai lalura, ai abokin takararsa ne. Duk inda muka shiga sai a zaunar da Hamma a ce, "Gaya mana abin da ya faru." Sai ya koma kan hanyar nan, ya sake hawa motar, a sake tare su. In ya fara sabawa da fuska, ko dai Baba ya ji labarin wani wuri da aka ce ya fi, ko mu je mu tarar an sauke allo, kwangila ta ƙare, wasu sun karɓa. Sababbin kuma su ce, "Gaya mana abin da ya faru."

Ni nake zama a benci kusa da ƙofa, Baba kuwa can waje yake tsayawa, don ba zai ji sirrin ɗan fari ba. Ta ƙofar nake jin muryar Hamma. Da farko yana yi yana tsayawa, yana haɗiyar yawu. Daga baya labarin ya zama sumul, yana zubo shi kamar ɗalibina mai haddar jadawalin lissafi, kullum a wuri ɗaya yake farawa, a wuri ɗaya yake tsayawa. Ma'aikatan suna cewa an samu ci gaba. A gida kuwa maganarsa raguwa take yi. Tsokanar ta tafi, gaisuwa ta koma ɗaga kai, masallaci ya gagara. Ranar da Inna ta kira shi ya dube ta kamar baƙuwa, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Muna kallo yana tafiya a gabanmu, kuma a wannan karon ba wanda ya tare shi a hanya, mu muke kai shi da ƙafarmu.

Ni ba a san ni da haɗiye magana ba. Na sami Baba a zaure, na durƙusa yadda ya kamata, sannan na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara, amma Hamma mutum ne, ba sa ba ne."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce, "Na sani. Da sa ne ai da tuni na sallama."

A ranar na gane duk yawon nan ba taurin kai ba ne. Mutum ne da aka hana shi nuna ƙauna ta ko'ina, sai ta hanya ɗaya da ya iya, wato kada a yi wa nasa tayin banza. Amma ganewa ba ta hana ni jin haushinsa ba, don washegari ma sai da ya ce an buɗe wani sabon wuri.

Wurin yana saman bene ne kusa da Kasuwar Kwastam, ƙasa shaguna, hayaniyar 'yan kasuwa na shigowa ta taga. Ɗakin jira da ɗakin ganawa duk ɗaya ne, labule kawai ya raba, saboda haka Baba bai sami wajen da zai tsaya ba, dole ya zauna a ciki. Wani saurayi siriri ya tarbe mu da ladabi, ya fara gaisuwa da Barbarci.

"Wushe, Baba, wushe. Sannunku da hanya." Ya juya wurin Hamma. "Yayana, gaya mini abin da ya faru, daga farko."

Hamma bai ce komai ba. Saurayin ya sake tambaya da Hausa, ya gwada da Barbarci, ya kawo ruwa, ya jira. Hamma na kallon labule. Ko haddar ma ta ƙare.

Saurayin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, tsarinmu sai an ji labari kafin a karɓi mutum. Amma ɗan'uwa na iya faɗa a madadinsa. Kai ne mahaifinsa ko?"

Baba ya ɗaga kai alamar eh.

"To, gaya mini abin da ya same shi."

Na buɗe baki zan karɓa, kamar yadda na saba, sai Baba ya ɗaga mini hannu. Sannan ya ce, "Ban sani ba."

Saurayin ya ɗauka bai ji tambayar ba, ya maimaita.

"Na ce ban sani ba, ɗana. An tare su. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ban taɓa jin muryar Baba ta yi ƙasa haka ba. Yara 'yan bana-bakwai a kowace kusurwa ta garin nan sun ji abin da ya sami ɗansa, wasu ma sun manta, shi kaɗai ne bai ji ba. Kuma wannan mutum ne da a kasuwa ba ya dillancin dabbar da bai shafa ta da hannunsa ba, bai san garken da ta fito ba.

Ya tambayi saurayin, "Ku naku zaman har yaushe ne?"

"Zuwa bayan salla, Baba. In an sabunta mana, mu ci gaba."

"In ba a sabunta ba fa?"

"Sai wasu su zo."

"A duk garin nan, wa ke da kwangilar da ba ta ƙarewa?"

Yaron nan, Allah ya yi masa sakayya, bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Babu, Baba."

Baba ya miƙe. Na zaci albarka zai ce mu kama hanyar wani gidan. Sai ya taka zuwa inda Hamma yake, ya kama wuyan hannunsa, ya kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, a gaban baƙo. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba, har sai da ya yi mini wani baƙo-baƙo a kunne. Hamma ya juyo a hankali ya dubi hannun da ke riƙe da shi.

"Tashi mu je gida," in ji Baba. Shi da kansa ya faɗa masa, bai bi ta kaina ba. Keke ɗaya muka shiga mu uku.

Washegari Baba ya tafi bakin sansanin nan shi kaɗai, ya zauna a gindin katanga har nas ɗin ya tashi daga aiki. Ni ban je ba, shi ya ba ni labari. Ya ce masa, "Malam, ba kawo shi na yi ba, na san doka. Koyo na zo yi. Yaya ake sauraron mutum?" Nas ɗin ya ce kada a daina maganin asibiti ko na rana ɗaya, kuma a riƙa kai shi ganin likita. Sauran kuma, Baba ya zaɓi lokaci ɗaya kullum ya zauna kusa da Hamma. Kada ya tambaye shi, kada ya yi masa nasiha, kada ya yi saurin cewa a yi haƙuri. In ya yi shiru a bar shi da shirunsa.

"Wato in rufe bakina," in ji Baba.

"Shi ke nan aikin, Alhaji."

Wanda bai san Baba ba ba zai gane nauyin abin da aka ɗora masa ba. Mutumin nan da baki ya ciyar da mu, da baki ya gina gidan da muke ciki. Ko a masallaci, in liman ya yi jinkiri, sai ka ji shi yana sasanta wasu a sahun baya. Amma daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida, ya zauna a gefe ɗaya, Hamma a ɗaya gefen, har a kira magariba. Ba carbi, ba rediyo. Ina leƙensu daga madafa ina ganin leɓen Baba na motsi, magana ta zo masa har baki, sai ya haɗiye ta.

Magana ta fita, dama gidanmu ba ya rabo da baƙi. Wata goggonmu, yayar Baba, ta zo takanas ta ce ya zubar mana da mutunci, ina aka taɓa ganin uba ya baje a tabarma da ɗan fari kamar abokin wasansa. Baba ya ce, "Adda, kin yi gaskiya," ya raka ta har bakin titi, ya dawo ya zauna a inda ya tashi. Aka buɗe kasuwa, muka ce to, yanzu zaman zai watse. Ina! Ana idar da la'asar, ko ciniki ya kai gaɓar sallamawa, sai ya miƙa wa abokin sana'arsa igiya ya kamo hanyar gida. 'Yan kasuwa suka sa masa suna mai reno. Ya ce su faɗi abin da ya fi haka.

Zafi ya wuce, damina ta shigo, suka koma zaure. Allunan gidajen nan suka ci gaba da sauka da hawa, 'yan mata masu riguna masu tambari suka ci gaba da sallama, Baba na ba su ruwa yana cewa an gode. Hamma bai yi magana ba, amma ya fara fitowa da kansa kafin a shimfiɗa tabarmar. Wata rana na ga shi ya shimfiɗa ta. Ni da nake ganin na fi kowa son Hamma a gidan, na san da ni ce da tuni na gaji, ko na cika shi da tambaya. Kallon Baba nake yi kamar yau na fara ganinsa.

Ranar da abin ya faru, ranar ce kamar kowace. An yi yayyafi, na kai musu shayi zaure, na durƙusa ina zubawa. Sai na ji Hamma ya ce, "Baba."

Muryar ta dushe don rashin amfani. Na yunƙura zan fita, Baba ya yi mini alama da ido in zauna, kada motsina ya katse shi.

"Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Duk inda aka kai ni, kafin in kai wurin sai a sauya mutum."

Hamma ya ci gaba.

"Da suka sauke mu, sun tambayi kowa ɗan wane ne. Suna neman 'ya'yan dillalan da suka ƙi karɓar shanunsu. Sun kira sunanka, Baba. Sun ce kai ne kake hana mutane saye."

Wannan gaskiya ne, kowa ya sani a kasuwa. Baba ya sha mayar da shanun da bai yarda da asalinsu ba, kuma ba a ɓoye yake yi ba.

"Na ce ni maraya ne. Na ce ubana ya daɗe da mutuwa. Ɗayansu ya ce na yi kama da kai. Na rantse ban san ka ba. Ya ce in haka ne in zage ka. Na zage ka, Baba. A gaban mutane. Suka ce in ƙara, na ƙara. Suna dariya. Wanda ke kusa da ni ya faɗi sunan ubansa, bai ɓoye ba. Shi bai dawo ba."

Butar shayin na hannuna, na kasa ajiye ta. A wurinmu mutum ya zagi mahaifinsa, ai ya gama da duniya da lahira. Wannan ne Hamma ya ɗauko daga daji ya shigo da shi gidan mutumin da ya zaga, yana cin tuwonsa, yana kwana a ƙarƙashin rufinsa, ba kuma hanyar da zai dube shi ya faɗa.

Baba ya bari sai da ya tabbata ya gama. Sannan ya ce, a hankali, "Da me ka zage ni?"

Hamma ya sunkuyar da kai ya faɗa, can ƙasa-ƙasa. Ba zan rubuta shi ba.

"Shi ke nan?" in ji Baba. "Wannan ai kafin azahar mahauta sun yi mini wanda ya fi shi, kuma ba su dawo mini da kowa ba."

Hamma ya ɗago ya dube shi.

"Saurara. Ni na ja maka, da bakina. Da ka ƙi zagina, yau da wa zan zauna a nan? Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga laifin ba. Shi kuma wancan yaron, Allah ya jiƙansa, ba kai ka kashe shi ba. Gobe ka raka ni mu gai da mahaifinsa."

Sai Hamma ya fashe da kuka, irin kukan da tun dawowarsa bai yi ba, da ƙarfi, har Inna ta fito da gudu ba mayafi. Baba ya jawo kan Hamma ya ɗora a kafaɗarsa, yana bubbuga bayansa, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ban ce Hamma ya warke a ranar ba. Ya daɗe yana shan magani, kuma har yau ba ya bin babbar mota. Amma daga ranar ya dawo cikinmu, kuma na san a gaban idona aka dawo da shi. Na yi karatu daidai gwargwado, na ga manyan mutane, ban taɓa jin kwarjinin wani ya cika ni kamar na tsohon nan mai warin shanu a wannan yammacin ba.

Da kukan ya lafa, Baba ya ce zai kama ruwa. Na bi bayansa da buta, don ya manta bai ɗauka ba. Na same shi a bayan ɗakin Inna, ya dafa katanga da hannu biyu, ya cusa bakin rawaninsa a baki don kada a ji, duk jikinsa na karkarwa. Na tsaya ban san abin yi ba. Da ya gan ni sai ya miƙo hannu ya karɓi butar, ya wanke fuska, ya gyara rawani.

Na ce, "Baba, ka shiga ɗaki ka ɗan huta."

Ya ce, "Ba a kira magariba ba tukuna."

Ya koma zaure ya zauna kusa da ɗansa.